Amsa ga mai tambaya ko maganin gigin tsufa yana aiki

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce wata uku ke nan Baba yana shan donepezil, maganin gigin tsufa, ba ki ga ya dawo hayyacinsa ba, har kina tunanin a daina. Allah ya ba shi lafiya. Na yi jinyar mahaifiyata da wannan ciwo, bari in faɗa miki abin da na gani.

Maganin nan ba ya warkarwa, sassauta alamomi kawai yake yi. Idan aka yi wata shida mutum yana nan yadda yake, bai ƙara ja baya ba, to an ci riba.

A asibiti akwai gwajin ƙwaƙwalwa da suke kira MMSE, mai maki 30. Mai cutar Alzaima, wato wani nau'in gigin tsufa, yakan rasa maki biyu zuwa huɗu a shekara, shi ya sa suke maimaita gwajin su kwatanta. Ni dai ban cika sakankancewa da shi a kan tsofaffinmu ba. A Amurka aka tsara shi a 1975, kuma a ciki ana cewa rubuta jimla, kwafi zane, riƙa cire bakwai daga ɗari. Mahaifiyata Hajiya ba ta taɓa riƙe biro ba, sai makinta ya faɗi ƙasa, alhali a lokacin tana riƙe da lissafin adashe a ka. Ki tambayi likita ko suna da irin gwajin IDEA, wanda aka tsara a Tanzaniya don waɗanda ba su yi boko ba.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne ƙaramin littafi. Duk Juma'a muna rubuta ko tana alwala a jere, ko tana cika raka'o'in salla, ko tana gane jikokinta, da yadda barcinta yake. Kafin mu fara haka, kowa a gidan da nasa zancen: wannan ya ce ta samu sauƙi, wancan ya ce a'a. Likitan ma ya fi daɗewa a kan littafin fiye da makin.

Kada ki tsayar da maganin da kanki. Amma idan Baba yana zawo, ko amai, ko rama, ko jiri, a kai shi a duba bugun zuciyarsa, don maganin yana iya rage shi. In kuma ya rikice farat ɗaya cikin kwana biyu, a fara binciken ciwon fitsari ko zazzaɓi kafin a zargi maganin.