Ga ɗan'uwan da kokwanto ke damu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce tambayoyi kan ƙaddara na taso maka har a cikin sallah, kana tsoron ko imaninka ya tafi, kunya kuma ta hana ka tunkarar malami.

Kwantar da hankalinka tukuna. A Sahihu Muslim, wasu sahabbai sun faɗa wa Manzon Allah (SAW) cewa suna jin wani abu a zukatansu da ba za su iya furtawa ba saboda girmansa. Ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Malamai suka ce tsoron da ya kama su ake nufi, ba waswasin kansa ba. Annabi Ibrahim (AS) ma, a Baƙara aya ta 260, ya roƙi a nuna masa yadda ake raya matattu. Da aka ce ko bai yi imani ba ne, ya ce ya yi, so yake zuciyarsa ta natsu.

Sai dai ka bambance. Waswasi ba amsa yake nema ba, ka ba shi ya ɓullo ta wata ƙofa. Shi kam ka nemi tsari da Allah, ka ce "amantu billahi", ka ƙyale shi. Tambayar gaskiya kuwa karatu take so.

Na daɗe ina ɗaukar karatu a wani zaure a cikin gari, tun daga Ahalari har Risala. Abin da ya riƙe ni a wurin, in an kawo wa Malam mas'ala mai nauyi, sau da yawa cewa yake "a ba ni zuwa gobe in duba". Wani lokacin goben ta zo ya ce Allahu a'alamu, shi ke nan. Dattijo da furfurarsa, a gaban ɗalibai! Gadon Imamu Malik ne, wanda aka ruwaito an yi masa tambayoyi 48 ya amsa 32 da "ban sani ba". Mu da muke tinƙaho da mazhabarsa a Kano, yaro ya haddace hadisi biyar sai ya hau Facebook yana raba wa mutane wuta da aljanna a kan ƙabalu da sadalu. Irin wannan kada ka kai masa tambayarka, zargi zai ɗora maka.

Nemi malami mai haƙuri, ka jira a tashi daga karatu, ku zauna ku biyu. Kada ka jingine sallah ka ce sai ka samu amsa. In kuma abin ya kai ga hana ka barci, ko kana ta maimaita alwala ba iyaka, ka haɗa da ganin likitan ƙwaƙwalwa, don wani waswasin ciwo ne mai magani.