Ramuka a gindin fila bayan cire katako: filasta za ta wadatar?

Tambaya: Salam injiniya. Ina gini a Rikkos nan Jos, bene ɗaya. Shekaranjiya aka yi mana kastin ɗin fila takwas, wato zuba kankaren ginshiƙai, da kafinta ya cire katako sai na ga uku daga ciki gindinsu duk ramuka kamar saƙar zuma, ɗaya har rodi ana hangowa. Birkila ya ce ba komai filasta za ta rufe. Dan Allah haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Rufewa kam za ta rufe, ido ba zai gani ba, amma filasta ba ta ɗaukar nauyi, kuma a kan filolin nan dekin, wato rufin kankaren bene, zai zauna da duk wanda zai kwana a sama. Don haka kar ka bari a shafa komai tukuna.

Tun da a gindi ramukan suke to kusan na san abin da ya faru. Fila tana kai mita 3, leburori suna hawa sama su juye kwano daga can, kankaren yana gangarowa yana dukan rodi da zobba, giranit da yake ya fi nauyi sai ya riga isa ƙasa ya taru shi kaɗai, siminti da yashi su maƙale a hanya. Shi ya sa muke cewa kar kankare ya faɗo daga tsayin da ya wuce mita 1.5. Kafinta ya bar 'yar taga a tsakiyar akwatin katakon filar a zuba ta nan, in ya cika a rufe a ci gaba ta sama. Kuma kaɗan-kaɗan ake zubawa, kamar santimita 30 zuwa 45, a sa faibireta ta girgiza shi har kumfar iska ta daina fitowa sannan a ƙara. Wlh kuɗin hayar faibireta na yini ɗaya bai kai kuɗin fasa fila ɗaya a sake ba, amma nan ne mutanenmu ke yin tsumulmula. In babu ita ko kaɗan a riƙa soka guntun rodi ana bubbuga katakon da guduma, duk da bai kai ta ba. Ka kuma dubi gindin akwatin, in akwai kafa tsakanin katako ruwan siminti ta nan yake tsiyayewa ya bar tsakuwa zalla.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da leburori ke kawowa, wai a ƙara ruwa ya yi ruwa-ruwa ya shige lungu da kansa. Fuskar za ta fito sumul kuwa, amma ƙarfin ya tafi. Buhun siminti mai kilo 50 jarka ɗaya ta lita 25 ta ishe shi, in yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Kwaɓin fila kar ya gaza 1:2:4, wato buhu ɗaya (kwano 2 ke nan), kwanon yashi 4, kwanon giranit 8, ni a bene na fi son 1:1.5:3, sai dai in zanen injiniyanka ya faɗi wani abu daban.

Rodin da ka hango kuma yana iya zama ba a sa biskit ba, ƙananan dunƙulen kankaren nan da ake ɗaurawa tsakanin rodi da katako don ya samu rufi na santimita 3 zuwa 4. Rodi in yana shan iska da ruwa zai yi tsatsa ya kumbura ya tsaga filar daga ciki.

Yanzu ga abin yi. Biyun da ba a ga rodi ba a farfasa wurin har a kai kan kankare mai ƙwari, a wanke, a jiƙa, a cusa kwaɓi mai ƙarfi. Ta ukun kuwa ka kira injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya ƙwanƙwasa ya gani da idonsa, in ramin ya zarce bayan rodi fasawa za a yi a sake, gara yanzu da ba a ɗora dekin ba.

Sauran biyar ɗin ma kar ka manta da su, iskar hunturun Jos tana busar da kankare tun bai yi ƙarfi ba. A naɗe su da buhun algarara a riƙa jiƙawa safe da yamma aƙalla kwana 7, sai ya kwana 28 ne yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. Ranar kastin na gaba kuma Alhaji ka zo da kanka ka tsaya kusa da mai zuba ruwa.