Tambayi Likita: A garin rana aka ce na rasa bitamin D

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Cikina wata shida, na biyu ke nan. Da na je awo na yi ƙorafin ciwon ƙugu da cinyoyi, aka tura ni gwajin jini, ya nuna bitamin D ɗina 11 ng/ml ne, wai ya yi ƙasa. Surukata dariya ta yi, ta ce a Sakkwato wa zai rasa abin da rana ke bayarwa? Ga ɗana na fari, shekararsa biyu, ƙafafunsa sun ɗan lanƙwashe. Shin abin zai taɓa na cikin? Daga wata uwa a Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki gaishe min da Hajiya, ki ce mata rana na nan, amma sai ta sauka a kan fata jiki ke haɗa bitamin ɗin. Ki lissafa yininki: ɗaki, kicin, sai fita cikin hijabi har ƙasa da safa. Ranar da ke ratsowa ta gilashin taga ba ta yin wannan aikin, kuma baƙar fata na bukatar lokaci fiye da fara. Ni kaina daga mota sai ofis, sai da na gwada nawa na daina yi wa marasa lafiya kallon mamaki.

Sakamakonki ƙaranci ne na gaske, tunda ana so ya kai 20. Jariri kuma ba shi da wata hanya sai ke. Ta mabiyiya yake ɗiba, abin da ke jininki shi zai zo da shi duniya. Nonon uwa duk albarkarsa bitamin D ɗinsa kaɗan ne, ga zaman arba'in a ɗaki. Idan ƙarancin ya yi tsanani, kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, na faɗuwa a jinin jariri har ya yi jijjiga, daga baya ƙashi ya yi laushi, maɗiga ta daɗe ba ta rufe ba.

Mai ciki na bukatar IU 600 na bitamin D a rana (IU shi ne ma'auninsa da ake rubutawa a jikin magani), amma ke da kika riga kika yi ƙasa, likitanki ne zai yanka miki adadi. Kada ki sayi mai IU 50,000 a kemis ki dinga sha don ƙawa ta ce, yawansa na illa ga ƙoda. Jan ƙwayar ƙarin jini da folik asid da ake rabawa a awo babu bitamin D a cikinsu. Ki riƙa zama a tsakar gida da hantsi, hannuwa da ƙwauri a buɗe, ki ci kifin sardin ko titus da gwaiduwar ƙwai. Hanta dai a bar ta sai bayan haihuwa, bitamin A ya yi mata yawa. In kin sauka lafiya, ki tambayi ɗigon jarirai, IU 400 kullum.

Shi kuwa yayan, kada a ɗora wa rana laifi tukuna. Binciken Dakta Tom Thacher a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna yaranmu masu lanƙwasar ƙafa galibi kalsiyam suka rasa, saboda bayan yaye daga koko sai tuwo. Ki kai shi a yi hoton gwiwa da wuyan hannu, kafin nan ki haɗa masa da kindirmo.