Tambaya da Amsa: Neman zinare a tsofaffin ramuka don nishaɗi, da gaske ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Don Allah ina da tambaya, na jima ina kallon bidiyon wasu turawa a Ostireliya suna ɗaukar na'urar gano ƙarfe ranar Asabar su shiga daji inda aka taɓa haƙar zinare tun zamanin kakanninsu, su yi ta yawo har su tono ɗan curin gwal, wai su abun sha'awa ne kawai ba sana'a ba. Shin da gaske ake samu ko shiri ne? Kuma tunda ance muma turawan mulkin mallaka sun bar ramuka a wajen Birnin Gwari da Minna, me zai hana in sayi na'urar in gwada? Daga Auwalu, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Da gaske ne ana samu, ba shiri bane, sai dai shi mai bidiyo ba zai nuna maka ranakun da ya wuni yana tono ƙusa da harsashi da marfin gwangwani ba, kuma irin waɗannan ranakun su suka fi yawa.

Inda abun ya fi tashe shine jihar Biktoriya, wadda Melbon ne babban birninta. A 1851 aka gano zinare a Balarat da Bendigo, mutane suka yi ta tururuwa daga Ingila da Amurka da Sin, cikin ƴan shekaru suka birkice ƙasar da diga da shebur. Zinaren wannan yankin yana da wata baiwa da ba ko'ina ake samunta ba, yana zuwa curi-curi kuma kusa da saman ƙasa. A 1869 a Moliagul wasu mutum biyu, John Deason da Richard Oates, suka tono wanda ake kira Welcome Stranger a gindin bishiya, ƙasar da ta rufe shi ko tsawon ɗan yatsa bata kai ba, zinarensa wajen kilo 72, sai da aka farfasa shi a maƙera a garin Dunolly saboda babu sikelin da zai ɗauke shi. Su mutanen da, da ido suke aiki da wanke tsakuwa a ruwa, toh duk curin da laka ta lulluɓe ko ya faɗo gefen tulin ƙasar da suka zubar, wucewa suke yi basu sani ba. Wannan ragowar ita ƴan yanzu suke bi. A 1980 Kevin Hillier ya samu curi mai kilo 27 da ɗoriya kusa da Kingower da na'urar hannu, zurfinsa kamar ƙafa ɗaya, wani gidan caca a Las Vegas ya saya sama da dala miliyan ɗaya. Ko a 2023 wani ya tsinci dutse mai kilo 4.6 wanda kilo 2.6 nasa zinare ne. Amma fa ka lura tazarar shekarun da nake lissafo maka, mafi yawan masu fita abun da suke dawowa da shi bai kai giram ɗaya ba, ko kuɗin man mota baya mayarwa, na'urar kirki kuma irin ta kamfanin Minelab dubban daloli ce.

Sannan abun da ya sa suke yi hankali kwance, gwamnatin jihar tana sayar da wata takardar izini ta musamman ga ƴan sha'awa, wajen dala 30 ta ƙasar ce kuma tana shekara 10, asalinta ma tun 1855 ne bayan boren da mahaƙa suka yi a Balarat kan tsadar lasisi. Da ita duk abun da ka samu naka ne, amma da sharaɗi, kayan hannu kawai, ba inji ba nakiya, ramin da ka tona ka cike shi, gonar mutum sai da yardarsa, kuma kar ka taɓa wuraren tarihi ko na ƴan asalin ƙasar. Kuma wanda ya san abun da yake yi baya shiga tsohon rami, a sama yake yawo, yana bin tulin ƙasa da hanyar ruwa da inda farin dutse ya leƙo. Katakon da aka tokare ramin shekara ɗari da hamsin ya riga ya ruɓe, wani bakin ramin ganye ne kawai ya rufe shi, iskar can ƙasa kuma tana iya sumar da kai ba tare da kaji warin komai ba.

Toh mu dawo gida. Gaskiya ne an haƙi zinare a ƙasar nan zamanin turawa, an fara wajen 1913, abun ya yi ƙarfi a shekarun 1930, yaƙin duniya na biyu ya durƙusar da shi. Birnin Gwari, Minna, Maru, Anka, Bin Yauri duk suna cikin wuraren da aka sani. Amma ƙanena wa ya ce maka an bar su? Wurin da ka ji an taɓa ganin gwal a arewa akwai masu shi, akwai masu haƙa da iyayen gidansu da masu saye, wani wurin ma kai ka fi ni sanin su waye ke riƙe da dajin. Baƙo ya bayyana da na'ura a kafaɗa yace yawon shaƙatawa ya zo, wallahi ba wanda zai yarda. Ga doka kuma, tsarin mulkin 1999 ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne ko da a gonar babanka yake, dokar ma'adinai ta 2007 kuma bata san wani mai nema don sha'awa ba, izini mafi ƙanƙanta shine na duba ƙasa na shekara ɗaya wanda ake nema a ofishin rajistar ma'adinai na Abuja, shima bai ba ka damar haƙa rami ba. Zamfara ma daga 2019 har ƙarshen 2024 haramta haƙar aka yi gaba ɗaya saboda tsaro.

Wani abun kuma, yawancin zinarenmu gari ne a cikin dutse, sai an daka an niƙa an wanke, na'ura bata cika jin irin wannan ba. Inda ta yi aiki sosai shine sahara, kamar Sudan da Jado a arewacin Nijar da aka yi rububi a 2014, su kuma waɗancan ba nishaɗi ya kai su ba. Ni a ganina in sha'awar ce da gaske, ka riƙe kuɗinka tukunna, ka nemi wani a sashen nazarin duwatsu na jami'a ka bi su in zasu fita, ka koyi gane dutse da wanke yashi a tasa. Zinare ya fi ruwa nauyi sau 19, shi yasa yake kwanciya a gindin tasa. Dutse mai ƙyallin nan da ke ruɗar mutane su ɗauka zinare ne in ka buga masa guduma rugurgujewa yake, zinare kuwa baje wa yake yi.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ƙanin mijina ne ya fara kwaso duwatsu daga wani tsohon rami yana kawowa gida yana dakawa a turmi, wai gwaji yake, ga yara suna wasa a wajen. Akwai matsala? Daga Maman Khalifa, Gusau.

Amsa: Akwai babba kuwa Hajiya, ki sa maigida ya tsayar da shi yau ba gobe ba. Abun da ya faru a 2010 kenan a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, garuruwa irin su Bagega da Dareta da Ƴargalma, dutsen da ake kawowa gida yana ɗauke da dalma, ƙurar ta shiga ƙasar tsakar gida da abinci, yara kimanin 400 suka rasu, wasu da yawa suka tashi da matsalar ƙwaƙwalwa. A 2015 aka maimaita a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Dalma bata da wari, ido kuma baya rabe ƙurarta da sauran ƙura, yara ƴan ƙasa da shekara biyar ta fi kamawa saboda hannu a ƙasa hannu a baki. A fitar da duwatsun daga gidan, turmin da taɓaryar sun tashi daga aikin abinci har abada, kar a share wurin a bushe, a yayyafa ruwa a kankare saman ƙasar a kai nesa da rijiya, kayan da yake sawa kuma kar a haɗa su da wankin yara. In yana amfani da zaiba wajen kama zinaren yana ƙonawa, hayaƙin shima guba ne. Ki kai yaran asibiti ki faɗa musu ainihin abun da ake yi a gidan, ki nemi a gwada jininsu ko da kin ga lafiyarsu ƙalau, in kuma wani ya fara amai ko yawan kasala ko jijjiga kar a tsaya jiƙe-jiƙe.