Tambayi Kawu: Mun kira 'yan sanda cikin dare, sai da gari ya waye suka zo

Wannan makon wasiƙun da suka fi yawa duk a kan 'yan sanda ne, dan haka masu tambayar aure da rigimar haya ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, ina yi maka fatan alheri. Ni magidanci ne a wata sabuwar unguwa bayan ganuwa nan Zariya. Kwanaki ɓarayi suka haura gidan maƙwabcina wajen ƙarfe biyun dare suka ɗauke mashin da wayoyi har suka sari ɗanshi a hannu, muka dinga kiran lambar da aka ba mu tana ta ringin ba a ɗauka, da aka ɗauka aka ce mota ba mai, wallahi Kawu sai da muka fito sallar asuba sannan suka iso. Da muka je kai rahoto kuma aka ce sai mun ba da kuɗin fayil da na mai. Dan Allah wai 'yan sandan garin nan suna aiki kuwa, ko mu haƙura kawai mu riƙe 'yan bangan mu? Daga wani magidanci, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba yaron lafiya ya mayar da alheri. Suna aiki, amma maganar gaskiya sun fi jin kiran unguwa fiye da kiran mutum ɗaya, kuma takarda ta fi baki tasiri a wajensu.

Ka fara sanin wa ke da 'yan sandan. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce tak a Najeriya, wato DPO ɗin yankinku, shugaban caji ofis ɗinku ke nan, yana ƙarƙashin Eriya Kwamanda ne, shi kuma yana ƙarƙashin Kwamishina a Kaduna, Kwamishina kuma na jin maganar Sufeto Janar a Abuja. Ciyaman na ƙaramar hukuma ba zai iya canja DPO ba, Mai Martaba ma sai dai ya kira ya yi nasiha. Dattawan cikin gari har gobe suna ba da labarin 'yan dokan En'e (hukumar gargajiya ta sarki a da) da suka san kowa da ɗan gidan wane, to waɗancan tun bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka fara haɗe su da 'yan sandan tarayya har aka daina jin ɗuriyarsu. (Su ma fa ba waliyyai ba ne, ka tambayi tsofaffin 'yan NEPU, jam'iyyar adawa ta lokacin.) Yanzu ana iya kawo maka yaro daga wata jiha mai nisa wanda bai san bambancin Kofar Gayan da Kofar Kuyambana ba a ce shi zai fito sintiri cikin dare.

Ga kuma ƙarancin su. Duk ƙasar nan 'yan sanda ba su kai 400,000 ba, mu kuwa mun haura miliyan 200, a cikin 'yan kaɗan ɗin ma ka cire masu gadin bankuna da masu riƙe wa matan manya jaka. Shi kuma gari kullum faɗaɗa yake, gonakin jiya sun zama gidaje tun daga Dan Magaji har wajen Shika, amma motar sintiri ba ta ƙaru yadda gidajen suka ƙaru ba. Kuma tun da 'yan bindiga suka shiga kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021 suka kwashi ɗalibai da malamai kowa ya san unguwannin bakin gari su ne a bakin wuta. To duk wannan bayani ne na dalilin jinkiri, amma ba ya halatta kuɗin fayil. Kai rahoto kyauta ne, babu wata doka da ta ce sai ka sayi fayil ko biro kafin a rubuta koken ka.

Abun da na ga yana aiki shi ne wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya, ku tashi ku biyar ko shida da mai unguwa da limamin masallacin ku, da rana tsaka ba wani abu ya faru ba, ku je ku gaida DPO ku gabatar da kanku ku karɓi lambarsa ta hannu da ta mai kula da sintirin dare, shi ma ya ajiye lambar mutum biyu daga cikinku. Lambar da suna ya fito a kanta ana saurin ɗauka fiye da baƙuwar lamba ƙarfe biyun dare, haka ɗan Adam yake. Ku tambaya kuma su wa ke cikin kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a na ofishin, wanda ake cewa PCRC, tun 1984 aka ƙirƙiro shi amma a wurare da yawa ya koma majalisar 'yan kasuwa masu neman a san da su, ku tura naku mutumin ya dinga zama. Lambar gaggawa ta 112 ma ku ajiye, ba a cin kati, amma kar ku jingina da ita ita kaɗai.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi, yadda muke yin kiran. Mutum a rikice yana ta ihu ɓarayi ɓarayi ku zo, a ce ina ne ya ce unguwar kaza, unguwar da gidajenta ba lamba layukanta ba suna. Ka ce masa ya biyo ta gidan man bakin titi, ya wuce firamare, layi na biyu bayan taransifoma, akwai yaro da tocila yana jiran su a bakin masallaci. A cikin gari kuwa irin su Kwarbai akwai lungunan da Hilux ba ta shiga ko an so, dole a faɗa musu inda za su ajiye mota su taka. Ku zauna tun yanzu ku tsara kwatancen kowa ya haddace.

In an kai rahoto ka tabbata an shigar da shi a littafin kanta, ka karɓi sunan IPO mai binciken da lambarsa. Aka fara yi maka je ka dawo, rubuta takardar koke ga DPO kofi biyu, a buga hatimi a naka kofin ka tafi da shi, in shiru ka kai wa Eriya Kwamanda ka maƙala kofin farko. Kuɗin mai kuwa ba zan yi maka ƙarya in ce mutane ba sa bayarwa ba, suna bayarwa, wani lokacin ma tankin da gaske a bushe yake. Ra'ayina in unguwa ta ga za ta taimaka da taya ko batir ta yi a fili ta hannun kwamiti kowa na gani, amma a ce wanda aka yi wa sata shi zai cusa kuɗi a aljihun wani kafin a duba masa, wannan kam zalunci ne a kan zalunci.

'Yan banga ku riƙe su da kyau, su ne ke iya isowa cikin minti biyar, ku kuma haɗa su da hukumar 'yan sintiri ta jihar Kaduna a san da su. Sai dai ku ja musu kunne, nasu kamawa ne su miƙa. Ranar da suka daki wani ya mutu a hannunsu, kai da ka tara kuɗin sayen tocila da usur har kai za a nema.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. An zo neman ɗana wai suna cikin yaran da suka yi faɗa aka ƙwace wayan wani, ba su same shi ba sai suka tafi da ƙaninsa ɗan sakandare, yau kwana uku yana bayan kanta. Sun ce sai mun kawo babban ko mu kawo dubu talatin na beli, na ce zan tsaya masa suka ce mace ba ta tsayawa. Babansu ya rasu Kawu ban san inda zan dosa ba. Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya sannu, Allah ya jiƙan maigidan. Abubuwa uku aka faɗa miki kuma ba ko ɗaya da doka ta yarda da shi. Dokar 'yan sanda ta 2020 da Buhari ya sa wa hannu, sashe na 36, ta hana a kama wani a madadin wanda ake nema, ko uba ne ko mata ko ƙani. Beli a caji ofis kyauta ne, a bangon ofisoshin ma a rubuce yake, sai dai rubutun ya fi aikin yawa. Mace kuma tana tsaya wa mutum, dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta faɗa ƙarara ba a hana mutum tsayawa dan kawai mace ce. Sannan sashe na 35 na tsarin mulki ya ce in akwai kotu a cikin kilomita 40 to a kai wanda aka kama gabanta cikin kwana ɗaya, kuma dai kin san a Zariya ba sai an yi tafiyar kilomita 40 ake samun majistare ba.

Kar ki koma ke kaɗai kina kuka a bakin kanta, nan ne ake raina mutum. Ki samu kawun yaran ko mai unguwa ku nemi ganin DPO da kansa ba kofur ɗin da ke kanta ba, sau tari shi ogan bai ma san an ajiye yaron ba ko kuma ya nuna bai sani ba, ko wanne ne dai da zarar magana ta zo teburinsa da shaidu salo ya kan canja. In ba ki da kuɗin lauya akwai hukumar ba da agajin lauyoyi ta gwamnati, Ligal Eid, akwai ƙungiyar lauyoyi reshen Zariya, tsangayar shari'a ta ABU da ke Kongo ma suna da ofishin da ɗalibai da malamansu ke taimakon marasa ƙarfi. In aka ƙi ji, rundunar tana da sashen karɓar ƙorafi da ake kira CRU tun 2015, ana tura musu ta waya ko WhatsApp, wani yaro mai waya ya rubuta miki sunan ofishin da ranar da aka kama shi da adadin da aka nema.

Amma Hajiya ki yi haƙuri da abun da zan ƙara. In kin san inda babban yake ki sa a rako shi da lauya ko wani babba ya amsa tambayoyi, ɓuya ba ta wanke shi, kuma wanda aka ƙwace wa wayar shi ma ɗan wata ne.

TAMBAYA: Kawu ina da shago a kasuwar Sabon Gari, wani ya karɓi kayana bashi wata bakwai yana min yawo da hankali, abokina ya ce in sa 'yan sanda su ɗauko shi ya kwana biyu zai biya. Ya ka gani?

AMSA: Alhaji ban goyi baya ba. Sashe na 32 na waccan dokar ta 2020 ya hana kama mutum a kan bashi ko saɓa alƙawarin ciniki, sai in akwai damfara a ciki, kuma kotuna sun sha cin tarar 'yan sanda tare da wanda ya kai ƙarar a kan irin wannan, ka ga garin neman kuɗinka ka biya wasu. Ka fara kai shi gaban shugabannin layinku na kasuwa, in ya ƙi ka ɗauki littafin bashin da shaidunka ka tafi kotun shari'a ko ta majistare. Kuma ka koma sama ka karanta wasiƙar farko, motar da za ka zuba wa mai ta ɗauko maka mai bashi ita ce wadda magidancin can ya jira har asuba.