Tambayoyinku: waya ƙarƙashin filo, tsohuwar talabijin da 'yan gwangwan

Tambaya daga Samaru: Malam, da waya nake kwana ƙarƙashin filo. Wai tururinta na dafa ƙwaƙwalwa?

Da tana dafawa, da tuni ɗaliban Samaru sun nuna luguf. Siginar waya dangin ta rediyo ce. Batirin za ka ji wa tsoro in kana caji ƙarƙashin filo, don zafi ba shi da mafita. Ɗora ta kan tebur.

Tambaya daga Tudun Wada: Marigayi Baba ya bar talabijin mai ƙusumbi a ɗakin ajiya. Maiɗakina ta ce tana fitar da radiyeshin, wato tururi mai cutarwa da ba a gani, in kira 'yan gwangwan su farfasa ta.

Allah ya jiƙan Baba. Ka gaida Hajiya, amma shawararta ce haɗarin. Talabijin da ke kashe ba ta fitar da komai. Ko a kunne, ɗan abin da take fitarwa gilashinta mai dalma na tare shi. Fasa ta ne fitina. Cikinta na aiki da lantarki da ya kai bolt 25,000, kuma yana iya maƙalewa bayan an zare waya daga soket. Kwalbar da ke nuna hoton ba iska a cikinta, in ta fashe sai ta watso gilashi. Ga kuma dalmar, wadda tun da gubarta ta kashe yara a Zamfara a 2010 bai kamata a sake yi wa kowa bayaninta ba. Kai wa mai gyara ita ɗungurungum.

Abin da ke ƙona min rai, muna tsoron talabijin, amma duk ƙarfen da ya yi nauyi sai mu kai sikeli. A 1987, a garin Goyaniya na Burazil, mutum biyu suka kwance wata na'urar gashin cutar daji (kansa) daga asibitin da aka yasar, suka sayar wa dillalin ƙarafa. A ciki akwai garin sinadarin siziyam-137, mai fitar da radiyeshin mai kisa, mai ƙyallin shuɗi. Ya burge mutane, aka yi ta raba wa dangi. Mutum 4 suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6, aka auna sama da mutum 100,000.

Saboda haka in ka ga ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, da tambari mai ganye uku kamar fanka a kan ruwan ɗorawa, kada ka taɓa, balle ka sa guduma. Ja da baya, ka kori yara, ka sanar da NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya. Mu a Zariya ma ba mu da uzuri: Cibiyar Binciken Makamashi ta ABU, mai riƙe da tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, tana nan Samaru, kuma auna irin wannan aikinsu ne.

Tambaya daga Sabon Gari: Kaktus kusa da kwamfuta na shanye radiyeshin?

A'a. Ka dai riƙa ba shi ruwa.