Amsa ga 'yar'uwar da sunanta ya fito a tallafin gwamnatin tarayya na naira 25,000

Wallahi 'yar'uwa, ina karanta tambayarki ƙwalla ta cika min ido. Kin ce wani a unguwarku ya nemi ki ba shi katinki ya ciro miki kuɗin, kuma kin rasa ko abinci za ki saya ko jari za ki ja. Kada ki ba shi! Ko lambar sirrinki kada ya ji.

Ni tun tallafin baya nake ciki, na naira 5,000 a wata, wanda a lokacin ake haɗa mana 10,000 duk wata biyu. Shekarar da maigidana ya rasu, wani maƙwabcinmu, wanda har zaman makoki ya yi mana, ya ce shi ya sa aka rubuta sunana. Duk ranar biya yana tsaye a bakin firamaren da ake rabon, kafin in ƙulle kuɗin a bakin zani ya zare 3,000. Wata rana tsakiyar damina, ko tiya ɗaya ta gero babu a ɗakina, autata tana kwance da zazzaɓi, na ce Malam don Allah yau ka bar min. Ya dube ni ya ce to zai sa a goge sunana. Daren nan tafasa na kwaɗa wa yara da guntun ƙuli-ƙuli, yarinyar tana kuka tana cewa Umma tuwo. Ashe ba shi da ikon goge kowa, mutanen gari ne suka zauna suka fitar da sunayen mabuƙata. Har yau in na hango shi sai zuciyata ta tafasa. Na bar shi da Allah.

Ki tuna 25,000 ɗin nan sau uku kawai ake biya, ba albashi ba ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗi ba sa auki. Da ni ce, da biyan farko hatsi zan saya, masara ko dawa da ɗan wake, musamman da kaka, ba shinkafa da taliya ba. Ki ma duba, sunan da ke NIN ɗinki, wato lambarki ta shaidar ɗan ƙasa, ya zo daidai da na asusunki? Kuma kada ki shelanta kuɗi sun shigo, masu neman rance ba su da tausayi. Mu adashe muka yi mu goma, da kwasata na sayi 'yar akuya, ita ta haifi kuɗin jarin awarata.

Ki je wurin mai POS da ƙafarki, ki ƙirga kuɗinki a gabansa kafin ki matsa.